Tambaya da Amsa: An cire wa tsohuwar mota inji an sa mata batir, to sai kuma me?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kamar haɗa baki kuka yi, kusan duk a kan tsoffin motocin nan ne na shekarun 1960 da 1970 da ake cire musu inji da tanki da salansa a dasa musu injin lantarki da batir. Abin ya fi yawa a Ingila da Amurka da Jamus da Faransa, can ne zaka samu gareji guda ba shi da wani aiki sai wannan, amma tunda aka cire tallafin fetur a 2023 mu ma nan gida mutane sun fara yiwa tsohuwar fijon da ke kwance a ƙofar gida wani irin kallo. Na ɗan rage tsawon wasu tambayoyin saboda wuri, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Salam Injiniya. Ina zaune a Birmingham, na sayi Volkswagen Beetle ƙirar 1972 wadda wani ya riga ya mayar da ita ta lantarki, kuma mutumin da ya sayar min yace wai ni da sabis har abada, caji kawai zan dinga yi. Dan Allah gaskiya ne ko daɗin baki ya min?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Rabin gaskiya ya faɗa maka ya haɗiye rabin. Abin da ka huta da shi yana da yawa kam, babu juyen baƙin mai wanda a injin Beetle na asali kusan duk mil 3,000 ake yinsa, babu fulogi, babu wankin kafireto, babu saita bawul, babu bel ɗin fanka da zai tsinke maka a tsakiyar hanya, salansa ma bata nan balle ta ruɓe. Injin lantarki abu ɗaya ne ke juyawa a cikinsa a kan boris, zai iya shekaru baka ji kansa ba.

Amma fa inji aka cire mata, ba a cire mata shekaru ba. Motarka ta haura shekara 50, kuma babban abin da ke kashe Beetle a Ingila tun asali ba inji bane, tsatsa ce. Gishirin da suke watsawa a titi lokacin sanyi yana cin dandamalin ƙasan motar da dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi, kuma yanzu abin ya fi da hatsari tunda a jikin wannan tsohon ƙarfen aka ɗaure akwatunan batir masu nauyi. Sau ɗaya a shekara a ɗaga ta sama a haska fitila a duba duk inda noti ya riƙe akwatin batir, in wurin ya fara ɓurɓushi kar ka jira.

Sai nauyi. Da yawa daga masu wannan aikin batirin Tesla Model S suke sawa, wanda ake cirowa daga motocin da suka yi hatsari, kowane sashe ɗaya kusan kilo 25 ne kuma yana ɗaukar wuta kusan yunit 5 irin na mitar NEPA, to in an jera maka biyar ko shida kaga an doshi kilo 150 tun ba a sa nauyin akwati da caja da wayoyi ba. Ko an cire nauyin tsohon inji da tanki, yawanci motar takan fi da nauyi, kuma nauyin ya canza wurin zama. Shokozoba da taya da robobin ƙafa su ke shan wahalar. Ka je inda ake auna mota a kan sikeli ka san nauyinta na yanzu, ka gwada da iyakar da kamfani ya rubuta a farantin da ke jikinta, saboda wasu in mutum huɗu suka shiga sun riga sun wuce iyaka. Bim ɗin gaba har gobe yana son giris, man giya har gobe yana son canji in an bar mata giyarta, taya kuma ko bata suɗe ba shekaru na busar da ita, lambobi huɗun nan na gefenta su ke faɗa maka mako da shekarar da aka ƙera ta.

Birki yana da wani abin mamaki. In an saita motar yadda da ka ɗaga ƙafa daga totur injin zai riƙe ta yana mayar da wuta cikin batir, zaka ga kana yawo a gari kusan baka taka birki, sai ka ɗauka ai ka huta. A'a, birkin da ba a takawa shi ke cijewa ya yi tsatsa, musamman irin mai ganga na tsoffin Beetle a ƙasar da kullum ruwa. Lokaci-lokaci ka samu hanyar da ba kowa ka taka shi da kyau, man birki kuma a canza duk shekara biyu don yana shan laima. Kuma ka sani ranar da batir ya cika maƙil wannan riƙon yana raguwa ko ya ɗauke gaba ɗaya saboda babu inda wutar zata shiga, kar abin ya zo maka bazata a gangare.

Sabon aikin da ya ƙaru shi ne na ɓangaren wuta. Akwai 'yar kwamfutar da ke gadin batir, BMS, ita ke kallon kowane ƙwaya tana hana caji ya wuce ƙa'ida ko ya faɗi ƙasa da yawa, ka koyi karanta abin da take nunawa, in ƙwaya ɗaya ta fara barin 'yan uwanta a baya nan zaka fara gani tun kafin motar ta ajiye ka. In akwai ruwan sanyaya batir da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta ba inji, shima yana raguwa yana tsufa. Notinan da suka ɗaure manyan wayoyi girgiza na sassauta su, noti ya saki kuwa zafi ne zai biyo baya, wannan aikin wanda ya koyi motar lantarki ne ba naka ba.

Abin da nafi so ka yi gobe-goben nan: ka koma wurin wanda ya sayar maka ka karɓi taswirar wayoyin motar, da jerin sunan duk abin da aka sa mata, da saitin BMS da na inbata, da sunan garejin da ya yi aikin. Irin waɗannan motocin da wuya ka samu biyu iri ɗaya sak, kowa da yadda ya haɗa tasa, in babu wannan takardar duk ƙwarewar bakanike sai ya kwana yana bin waya ɗaya-ɗaya kai kuma kana biyan kuɗin awa. Ka kuma tabbata takardar motar ta DVLA, hukumar rajistar motoci ta can, ta nuna lantarki ce, kamfanin inshora ma ya sani a rubuce, in ba haka ba ranar tsautsayi zasu zame maka.

TAMBAYA: Oga na je gida hutu wajen wata ɗaya, na bar motata a Landan caji kashi 80, na dawo na murɗa makulli ko ƙyas, ko fitilar dashbod bata kawo ba. Hankalina ya tashi wlh, babban batirin ne ya mutu?

AMSA: Kwantar da hankalinka ƙanena, kusan na tabbata ƙaramin batir ne, mai bolt 12 ɗin nan irin na kowace mota. Mutane na mantawa yana nan. Shi ke kunna fitilu da wefa da hon, kuma shi ke jan manyan makunnan da ke haɗa babban batir da inji, wannan ƙas-ƙas ɗin da kake ji in ka murɗa makulli. In ya mutu, ko babban batir ya cika fam ba abin da zai motsa. Tunda babu alfaneta, wata na'ura ce ke rage wuta daga babban ta ba ƙaramin, kuma a yawancin irin wannan haɗin sai mota na kunne take aiki, alhali BMS da ƙararrawar ɓarayi da na'urar bin sawu suna ta tsotsar ƙaramin dare da rana. A yi masa caji ko a canza shi, amma a ƙaramin kawai za a jona waya, kar wanda ya kusanci wayoyin nan masu kauri masu ruwan lemo.

Gaba in zaka yi doguwar tafiya ka bar babban a wajen kashi 50 zuwa 60, ka jona wa ƙaramin 'yar cajar nan mai ɗiga wuta kaɗan-kaɗan. In kuma an gyara ƙaramin motar ta kawo amma ta nuna babban ya sauka ƙasa sosai, kar ka matsa mata caji, kira wanda ya haɗa ta.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, daga Kaduna nake. Marigayi babanmu ya bar Fijo 504 salun, jiki lafiya lau fenti ma na asali ne amma inji ya buga tun tuni, yayyena na cewa a sayar wa 'yan gwangwan ni kuma raina baya so. Na ga bidiyon turawa suna mayar da irinsu lantarki, zai yiwu anan kuwa? Kuma zai fi min sauƙi kan fetur?

AMSA: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Yiwuwa kam zai yiwu, 504 ma tana cikin masu daɗin aiki, gidan inji wadatacce, but wadatacce, ƙafa mai ƙwari wadda aka yi don hanyarmu, ga kayan gyaranta har yanzu ana samu tunda a garinku aka dinga haɗa ta tun shekarun 1970 har zuwa tsakiyar shekarun 2000. Kuma ba a kanka farau ba a ƙasar nan. Mustapha Gajibo a Maiduguri da cire wa ƙananan bas injin fetur yana sa musu batir ya fara, wani ɗalibin jami'ar Ife, Segun Oyeyiola, ya yi suna a 2014 da tsohuwar Beetle da ya mayar mai aiki da hasken rana da iska, a Kenya kuma kamfanin Opibus wanda yanzu ake kira Roam da Land Cruiser na yawon buɗe ido ya soma.

Amma maganar sauƙi, bari mu yi lissafi tsakani da Allah. Mota mai nauyin 504 zata ci yunit 18 zuwa 20 a kilomita 100. In kana Band A inda yunit ya haura naira 200, kaga kilomita 100 zata tsaya maka naira dubu huɗu da wani abu, ita kuwa da injinta na fetur lita 11 ko 12 take sha a wannan nisan, kai ka ninka da farashin yau ka gani. A tuƙi kam lantarki ya yi mata fintinkau. Matsalar kuɗin shiga ne, inji da inbata da caja da BMS da batir duk da dala ake sayensu a biya kwastan, abin da zaka kashe zai saya maka fetur na shekaru masu yawa, kuma zai ninka kuɗin gyaran injinta na asali ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. In don ƙaunar motar Baba ne da son ka dinga shiga gari da ita shiru ba hayaƙi, bismillah. In don tsimi ne kawai, nemi injin 504 a Panteka a ɗaura maka, ka huta.

In ka ce ka ji ka gani, to babban abokin gabarka zafi ne. Kaga yadda batirin waya ke kumbura in ana barinta a rana ana caji, haka na mota yake tsufa da wuri. Nissan Leaf na farko batirinta ba shi da ruwan sanyaya, a 2012 masu ita a Phoenix ta jihar Arizona suka yi ta ƙorafin batir ya rage ƙarfi tun motar bata je ko'ina ba, kuma zafin Phoenix ba wani abin da zai nuna wa Maiduguri ko Sokoto a watan Afrilu. Shi yasa ni a nan arewa zan ce batirin LFP, irin wanda ke cikin batiran sola na zamani, ya fi nauyi kaɗan amma ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar kama wuta. Fakin a inuwa, caji da daddare ko da asuba, kar ka dawo daga doguwar tafiya da rana tsaka ka jona nan take.

Kuma dan Allah kar wani ya ruɗe ka da batirin inbata na ruwa wai ya fi araha. Guda ɗaya mai 200Ah kusan kilo 60 ne, wutar cikinsa yunit 2.4, kuma rabi ake so ka ja in kana so ya daɗe. Kafin ka tara yunit 30 na amfani ka loda wa motar sama da tan ɗaya, fijon ma zama zata yi a ƙasa.

Sauran abubuwan da bidiyo baya nunawa: birkin 504 da zuƙar iskar inji yake samun laushi, in inji ya tafi sai an sa ɗan famfon lantarki, ranar da famfon ya mutu kuwa birki zai koma kamar dutse, don haka a sa fitilar gargaɗi. In kana son AC sai kwamfireso na lantarki, shima daga batir zai ci. Akwatin batir ya zama ƙura bata shiga ruwa baya shiga, kar a rataye shi ƙasa-ƙasa inda ramin titi zai daka shi ko ruwan damina ya shanye shi. Ɓera kuma yana son waya ko ta fetur ce ko ta lantarki. Da batir mai yunit 30 ka sa ran kilomita 150 ko ƙasa, wato Zariya zaka je lafiya amma dawowa sai ka ɗan yi caji, Kano ko Abuja kuwa ba a shan farko ba. Sannan tun kafin a kwance noti ɗaya ka san wane rewaya ne zai dinga duba maka ita, wanda ya san sola da inbata sosai ya fi kusa da aikin nan a kan wanda ya ƙware a kafireto.

TAMBAYA: Malam me zai hana a shimfiɗa sola a rufin motar tana tafiya tana caji? Ko in ba NEPA a yi da janareto?

AMSA: Rufin mota faranti ɗaya zai ɗauka, in an matsa biyu. Faranti mai wat 400 a ranar da rana ta buɗe sosai yunit 2 zai baka ko ƙasa da haka, wato tafiyar kilomita 10, kuma sai ka shanya motar a rana wuni guda wanda shi ne abin da batir baya so. Sola a rufin gida ko rufin rumfar fakin ya kamata ta zauna, faranti 10 zuwa 15 da inbata mai ƙarfi, nan ne lissafi ke fita.

Janareto kuma, ƙaramin nan na kallon ƙwallo ma kar a fara. Cajar da ake sawa irin waɗannan motocin yawanci kilowat 3.3 ce, wasu 6.6, mai 3.3 ɗin sai ta yi awa 9 zuwa 10 kafin ta cika batir mai yunit 30, kaga kana buƙatar janareto na kirki yana ruri dare guda. Kuma janareton gida kusan rabin lita yake ƙonawa kafin ya baka yunit ɗaya, in ka lissafa sai ka ga man da ka zuba masa don tafiyar kilomita 100 ya kusa wanda injin motar zai sha da kansa, ka kashe miliyoyi ka dawo layin gidan mai da jarka. Na gaggawa ne kawai.

A gida kuma a ja wa motar layinta daban da waya mai kauri da bireka da at, wato wayar ƙasa, mai kyau. Soket ɗin bango na 13A da aka yi don fanka da talabijin in ya kwana yana jan wuta mai yawa narkewa yake, wayar ƙari ta kasuwa kuwa ko da wasa. Gobarar da nafi jin tsoro a ƙasar nan ta soket ce kafin ta batir.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Houston, maigidana ya sayo tsohuwar Marsandi yana haɗa mata lantarki da kansa a garejin gida duk wiken, garejin kuma a manne yake da kicin, ga yara ƙanana. Ni dai gabana faɗuwa yake, in na yi magana yace ba komai ya kalli bidiyo. Tsorona yana da tushe ko ni ce da ƙorafi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Yana da tushe, kuma ki nuna masa wannan amsar. Motar da aka gama haɗawa da kyau aka rufe batirinta a akwati, da fiyus da BMS da komai, ba abin ɗaga hankali bace. Lokacin haɗawar ne mai hatsari, sanda batir ke buɗe a kan benci. Duk abin da ya haura bolt 60 na irin wutar batir ana lissafa shi cikin mai iya kisa, ƙananan haɗi suna kai 100 zuwa 150, masu injin Tesla ko Leaf kuwa 350 zuwa 400, kuma batir ba shi da makunnin da za a kashe shi daga ciki, ko yaushe da wutarsa. Sifana ɗaya ta faɗa tsakanin kai biyu narkewa zata yi ta watsa ƙarfe a fuska.

Alhaji, da kai nake yanzu. Cire zobe da agogo, safar hannu ta roba mai lambar bolt 1,000, sifanu masu rufi, tabarau, kuma kar ka yi aikin babban layi kai kaɗai a gida. In ka zare fulogin da ke raba batir ka jira mintuna kafin ka taɓa inbata don tana riƙe wuta a cikinta, sannan ka auna da mita, kar ka yarda da zato. Batirin gwanjo ka san tarihinsa, wanda ya fito daga motar da ambaliya ta ci kar ka karɓa ko kyauta ne, bayan guguwar Ian a Florida a 2022 motocin lantarki da ruwan gishiri ya shiga sun dinga kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye, ku kuma Houston kun san ambaliya. Ƙofar gareji da makulli, makullin a aljihunka. Kafin ranar farko da zaka haɗa wuta ka biya wanda ya sani ya zo ya duba aikin, ba faɗuwa bace.

Hajiya a sa na'urar jin hayaƙi a garejin. In kika ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ko huci, ko kika ga farin hayaƙi daga batir, kwashi yara ku fita ki kira 911, kar ki tsaya da 'yar tukunyar kashe gobara, bata kashe wutar lithium, ruwa mai yawan gaske take ci kuma tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu, hayaƙin ma guba ne. Ki faɗa musu motar batir ce, don su tsohuwar Marsandi zasu gani su ɗauka ta fetur ce. Saboda haka ma yana da kyau a manna mata alama a gilashi da cikin bonet.

TAMBAYA: Sannu Malam Injiniya, daga Lyon a Faransa, asalina Damagaram. Ina da Renault 4 ina son in sa mata lantarki, abokaina na ƙungiyar tsoffin motoci sun ce in na yi na kashe ta, ta fita daga sahun motocin tarihi kuma darajarta ta zube. Mi kake gani?

AMSA: Yawwa sannu ɗan'uwa, a gaida mutanen Damagaram. Abokanka ba daga kansu suka ƙago ba. FIVA, ƙungiyar duniya ta masu tsoffin motoci, ta fito a 2019 tace motar da aka canza wa inji zuwa lantarki ba zata lissafa ta a matsayin ta tarihi ba, kuma ta ba da shawarar duk wanda zai yi ya yi yadda za a iya mayarwa, ya adana kayan asali. A ɗaya ɓangaren kuma su kansu kamfanonin sun shiga harkar, Jaguar E-type mai lantarki ce Yarima Harry ya tuƙa zuwa walimar aurensa a 2018, Volkswagen ta nuna Beetle mai lantarki a 2019, Mini ma ta fito da nata a 2022 inda ake cire injin a sa masa lamba a ajiye. Akwai irin su Lunaz a Silverstone ta Ingila da ke yiwa Rolls-Royce, su kuɗinsu dubban ɗaruruwan fam ne, ba layinmu bane.

Ni ra'ayina, a duba motar. In irin wadda 'yan ɗaruruwa suka rage a duniya ce kuma injinta na asali lafiya lau, a ƙyale ta, ƙarar injin da warinsa ai suna cikin abin da ake adanawa. Amma Renault 4 sama da miliyan 8 aka ƙera, Beetle sama da miliyan 21, in guda ɗaya ta koma batir tarihi bai yi asarar komai ba, kuma gara tana yawo a titi da ta ruɓe a ƙarƙashin tamfol. Sharaɗina kawai kar a yanka jiki, a yi amfani da ramukan notin da ke nan, injin da tankin a zuba musu mai a naɗe a ajiye.

Sai dai a Faransa ba kamar Amurka bane da kowa ke yi a garejinsa. Tun dokar 2020 an halatta, amma da kayan da hukuma ta gwada ta amince da su, kuma ƙwararren da aka yarda da shi ne zai ɗaura, sannan a canza maka kartagiris, wato takardar motar. Akwai kayan da aka yi wa Renault 4 musamman tare da amincewar Renault, batirinsa yunit 10.7 ne, tafiyar kusan kilomita 80. Ka kalli wannan lambar da kyau kafin ka sa hannu, ta cefane da zagayen gari ce, kuma da sanyi in ka kunna hita zata ragu don yanzu babu zafin inji na banza, daga batir ake ɗumama ka. Maganar daraja kuma kar ka sa ran kuɗin da ka zuba zai dawo ranar sayarwa, mai saye zai fara tambayar shekarun batir ne kafin ya kalli fenti.

TAMBAYA: Land Rover tawa ƙirar 1970 an bar mata giyarta ta asali, amma kuloci ya ƙone har sau biyu tun da aka mayar da ita lantarki, yanzu kuma ina jin ƙugi a baya. Laifin wa?

AMSA: Laifin ƙafarka da na saiti. Injin fetur sai juyinsa ya hau sama yake kawo ƙarfinsa, na lantarki kuwa daga tsaye yake sakin ƙarfin gaba ɗaya, kuma sau da yawa ya fi abin da aka ƙera giyar da shi a zuciya. Land Rover na wancan zamanin dama an san su da karya sandar aksul ta baya ko da injinsu na asali. Ka daina tashi da giya ɗaya, ka daina goga kuloci, motar nan bata mutuwa a tsaye, saka ta a giya biyu ko uku ƙafarka a ɗage daga kuloci ka taka totur a hankali, a gari ma zaka iya wuni a giya uku, kulocin na canza giya ne kawai in kana gudu. Ka koma wurin wanda ya haɗa ta ya shiga saitin inbata ya rage ƙarfin tashi ya sa ya dinga hawa sannu-sannu, ya kuma sassauta riƙon da take yi in ka ɗaga ƙafa, don wannan ja da sakin yana cin haƙoran giya ta fuska biyu. In za a sake kuloci a sa mai ƙarfi.

Ƙugin bayan kuma kar ka bari ya kwana biyu, a zubar da man difiransha a cikin faranti mai tsabta a duba, in an ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a buɗe shi tun bai kulle maka ƙafa a kan hanya ba. Wataƙila ma ƙugin ya daɗe, da can ƙarar inji ce ke rufe shi.